Garin Gyaran Gira Kada A Rasa Ido

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, yau kuwa za mu faɗe ta. Ita ce maganar iyayenmu tsofaffi waɗanda a kan kwantar a asibiti don su sami lafiya, amma maganin da a ke ba su ya koma musu cuta ta biyu.

Jikin ɗan shekara saba'in ba ɗaya ya ke da na ɗan talatin ba. Hanta da ƙoda su ke fitar da magani daga jiki, in an tsufa kuwa aikinsu ya kan ragu. Saboda haka ƙwayar da saurayi zai sha ya wuce gona, ita ce za ta taru a jinin tsoho ta kwantar da shi. Ga shi kuma ba safai tsoho kan zo da ciwo ɗaya ba. Ga hawan jini, ga sukari, ga ciwon gwiwa, ga rashin barci. Kowane ciwo da maganinsa, kafin ka ce kwabo sun kai biyar ko fiye, kuma yadda su ke ƙaruwa haka haɗarinsu ke ƙaruwa.

Ku duba yadda abin kan faru. A ba dattijo amlodifin don hawan jini, maganin da an san ya kan kumbura ƙafa. Ƙafa ta kumbura, maimakon a tuhumi maganin, sai a ƙara masa na sa fitsari. Ya kasa barci, a ƙara masa Valium. Tsakar dare ya tashi zai kewaya, jiri ya ɗebe shi, ya fāɗi ya karya ƙugu. Sai a ce tsufa ne, alhali kuwa magani ne ya haifi magani. Haka diklofenak na ciwon jiki ya kan ci ƙoda, ya sa ciki zub da jini. Glibenkilamid na ciwon sukari kuwa ya kan kā da sukarin tsoho har ya ruɗe ko ya suma, musamman in jinya ta hana shi cin abinci.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun cikin 1991 wani likita a Amurka, Mark Beers, ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi kaffa-kaffa da su ga tsofaffi, an kuma yi ta sabunta shi har zuwa 2023. Cikin 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shela ga ƙasashe su rage mummunar ɓarnar da kuskuren magani ke yi da rabi cikin shekara biyar. To, wa'adin ya cika ya wuce. Muna tambayar mahukunta, me suka yi?

Ba ma ɗora laifin duka a kan likitoci da malaman jinya. Wanda aka bar wa gadaje fiye da ƙarfinsa, yaushe zai sami sukunin zama ya ƙidaya ƙwayoyin kowa? Laifin yana wuyan waɗanda ke riƙe da baitulmali. Su in sun yi atishawa sai jirgi ya kai su waje, talaka kuwa sai gadon da ya samu.

Abin da mu ke nema ba shi da tsada. Ran da aka kwantar da tsoho a rubuta duk abin da ya ke sha. A auna ƙodarsa kafin a yanka masa yawan magani. A sa mai harhaɗa magunguna ya riƙa zagaya ɗakin marasa lafiya tare da likita. Ran sallama kuma a ba iyalinsa takarda da harshen da su ke ji, mai nuna wanda zai ci gaba da sha da wanda aka soke.

Ku kuma 'yan'uwa masu jinya, ku tafi da dukan magungunan gida, har na kemis da na gargajiya, kada ku ɓoye ko ɗaya. Ku tambaya cikin ladabi: wannan na mene ne, kuma har yaushe? In kun ga dattijo ya fara ruɗewa ko yawan gyangyaɗi bayan sabon magani, ku faɗa nan take, amma kada ku tsai da magani da kanku.

Waɗannan mutane su suka yi noma suka biya haraji aka gina asibitocin. Wanda bai mutu da ƙuruciya ba, gadon nan yana jiransa.