RAMIN TSAKUWA: WANDA YA HAƘA SHI ZAI CIKE

A daminar bara muka binne wani yaro na makarantarmu ta Lahadi, wanda ya tafi wanka da abokansa a tsohon ramin tsakuwa da ke bayan garinmu. Wani ɗan kwangila ne ya haƙa ramin lokacin da ake aikin hanya. Da aka gama aiki ya kwashe katafila da tipoci ya yi gaba, ya bar mana rami mai zurfin gaba uku, ba shinge, ba alamar gargaɗi. A wurin jana'iza mun ji ana cewa, "Kwanansa ne ya ƙare." Gaskiya ne rai a hannun Allah yake. Amma ramin nan hannun mutum ne ya haƙa shi, dole kuwa mu faɗi haka.

Maganar Allah ba ta bar mu cikin duhu ba. A Fitowa 21:33-34 an ɗora wa wanda ya haƙa rami ya bar shi a buɗe alhakin biyan diyya idan sa ko jaki ya faɗa ciki. To, idan haka ne a kan dabba, ina ga ɗan mutum? Har ila yau, Maimaitawar Shari'a 22:8 ta umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa da 'yar katanga, domin kada alhakin jini ya hau gidansa.

Dokar ƙasa ma haka ta ce. Dokar Ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta wajabta wa mai neman izinin haƙar dutse ko tsakuwa ya gabatar da tsarin yadda zai gyara wurin, ya riƙa zuba kuɗi a asusun gyaran muhalli, ya kuma ƙulla yarjejeniya a rubuce da jama'ar wurin kafin ya soma aiki. Hukumar NESREA kuma ta fitar da ƙa'idojin fasa dutse a 2013. Ashe doka tana nan, bin ta ne ya yi ƙaranci.

Akwai wata dabara da ya kamata mu gane. Idan aka tambayi mai ramin, sai ya ce ai ba a gama ba, tsayawa kawai aka yi, za a dawo. Shekara ta bi shekara, ba a dawo ba, ba a cike ba. Mu dai a ganinmu, ramin da aka daina aiki a cikinsa bai zama maraya ba. Muddin mutum yana cewa wurin nasa ne, to shingen ma nasa ne, haɗarin ma a wuyansa yake.

Mutanen Filato sun fi kowa sanin ƙarshen irin wannan sakaci. Kamfanonin kuza sun tashi tun da daɗewa, kasuwar kuza ta duniya ma ta faɗi a 1985, amma ramukan suna nan a Bukuru da Barikin Ladi, sun cinye gonaki, suna kuma cin rayuka. Ruwan da ke kwance a irin waɗannan wurare gidan sauro ne, yara masu wanka a ciki kuwa sukan kamu da tsargiya. Duk da haka mun ga yadda manoman wajen suke noman rani da ruwan waɗansu ramukan. Wato wurin da aka gyara yana iya zama albarka.

Gyaran ba wani abin asiri ba ne. A kewaye ramin tukuna. A kwantar da gaɓarsa domin wanda ya faɗa ya iya fita, a cike inda za a iya cikewa, a mayar da ƙasar sama mai taki, a dasa itatuwa.

Muna roƙon masu gonaki da masu unguwa, kada ku karɓi kuɗin tipa sai an rubuta wanda zai cike ramin da ranar da zai cike. Tun ran gini, ran zane. Dattawan ikilisiya su haɗa kai da 'yan'uwanmu Musulmi, gama rami ba ya tambayar addinin yaro, su rubuta wa ƙaramar hukuma da ofishin ma'adinai na tarayya da ke jiharsu. Zumuntar Mata da malaman makarantar Lahadi su ja wa yara kunne kafin ruwa ya sauka.

A ƙarshe, mu duba kanmu. Majami'u nawa muka gina da ƙasar da muka ɗebo a bayan gari, muka bar kududdufi a buɗe? Mu fara cike namu kafin mu nuna wa wani yatsa.

Ubangiji ya ta'azantar da iyayen yaron nan, ya kuma ba mu zuciyar kiyaye ƙasar da ya ba mu amana. Amin.