BAREWA TA ƁACE: LAIFIN WA?

A ƙasar Adar, daga Illela zuwa Malbaza da Birnin Ƙonni, dattawa na tuna lokacin da ake buɗin daji bayan kaka, mahalba su fita da kwari da baka, samari na biye da karnuka, a komo gari da barewa da gada. Yau mafarauci kan yini bai kamo ko zomo ba.

Hukuma ta daɗe tana ɗora laifin a kan mahalbi. An hana farauta a Nijar a 1974. Da aka sake buɗe ta, dokar 29 ga Afrilu 1998 ta wajabta takardar izini. Amma attajiran ƙasashen Larabawa sun samu damar bin barewa da tuje cikin motoci a arewacin ƙasar.

Gaskiyar magana, dajin ne ya ƙare. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa, jama'a ta ƙaru, gonaki suka cinye saura da burtali. Dabbar da ba ta da mafaka, wace takarda za ta tsare ta?

Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye. Wajibi ne su keɓe wa kowane yanki dajinsa, a sa mahalba cikin masu tsaronsa, domin sun fi kowa saninsa. In ba haka ba, jikokinsu sai dai su ji labarin barewa a tatsuniya.