"Promote": Talla Ne, Ko Turi, Ko Rayawa?

'Yan'uwa manoma da malaman gona, akwai wata kalmar Turanci wadda ba ta rabuwa da takardun da ke zuwa mana daga ofis, watau "promote". Yau a rubuta ta a kan takin zamani, gobe a kan sabon iri, jibi a kan dashen itatuwa. Sa'ad da malamin gona ya tsaya gaban jama'a a ƙofar mai unguwa, tilas ya juya ta da Hausa. Kalmar da ya zaɓa kuwa ba ƙaramin abu ba ce, gama ita ce za ta nuna wa mutane ko aikin nasu ne ko na baƙo.

Asalin kalmar daga harshen Latin ne, kuma kashi biyu ce: ɗaya yana nufin "gaba", ɗaya kuma "motsarwa". Ma'anarta ta fari ke nan, a matsar da abu gaba. Amma Turawa suna moron ta a wurare dabam dabam. Idan an yi wa ma'aikaci, ƙarin girma ya samu. Idan an yi wa ɗan makaranta, ya wuce aji na gaba. Idan ɗan kasuwa ya yi wa sabulunsa, talla ce kawai. Idan kuma an yi wa zaman lafiya ko tsabta, ana nufin a goyi bayan abin har ya yi ƙarfi.

Tana da 'yan'uwa a Turancin, kowace da halinta. "Advance" da "further" suna maganar tafiya gaba kurum. "Boost" kamar a tallabi mutum daga ƙasa ne domin ya hau katanga. "Encourage" tana da kalmar zuciya a cikinta, watau ƙarfafa zuciyar mutum. "Foster" kuwa ita ce ake faɗa wa riƙon ɗan wani, tushenta kuma yana da dangantaka da abinci. Ashe ko a Turancin ma akwai bambanci tsakanin tura abu da renonsa.

To, mu a Hausa ba mu rasa kalmomi ba. Muna da tallatawa da yayatawa, waɗannan aikin baki ne. Muna da ingantawa da kyautatawa, waɗanda ake yi wa abin da yake akwai domin ya fi dā. Muna da bunƙasa da haɓaka. Ku lura da yadda muke cewa dawa ta bunƙasa, yaro ya haɓaka: girman daga cikinsu yake fitowa. Sa'an nan muna da rayawa, wadda ta fito daga rai. Da ita ake cewa raya karkara, da ita kuma ake cewa an raya kango.

Ra'ayinmu shi ne, a aikin karkara rayawa ce ta fi dacewa da wannan kalma, ita ce kuma ya kamata ta zama ma'aunin aikin. Mai talla, da zarar an saya ya tafi. Mai turi, da ya ɗauke hannu abin ya tsaya. Amma mai rayawa yakan fara duba inda ran yake tukuna, sa'an nan ya ba shi ruwa.

Mun ga abin da turi yake haifarwa. A 1978 aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, da nufin ciyar da noman rani gaba. Aka karɓi gonakin mutane, maganar diyya ta rikice. Manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilu 1980 kuma 'yan sanda suka buɗe musu wuta, mutane da yawa suka mutu. Waɗanda suke noman fadama a ƙasa da madatsar kuma suka rasa ambaliyar da shinkafarsu ta saba samu. A takarda, ci gaba ne. Amma Hausawa suna da suna domin irinsa: ci gaban mai haƙan rijiya.

Yanzu mu duba Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Shekaru da yawa ana kai itatuwan dashe daga lambun reno zuwa ƙauyuka, yawancinsu kuwa suna mutuwa saboda fari da iska da awaki. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma suke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan itatuwa masu rai, irin su sabara da kalgo da gawo. Saiwarsu tana nan a ƙasa. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kiyaye su.

Ku ji abin da ya biyo baya, gama a nan darasin yake. A yunwar 1984 aka haɗa wannan aiki da rabon abinci, mutane suka yi domin hatsi. Da rabon ya ƙare, da yawa suka sare itatuwan. Wannan turi ne, ya kuwa tsaya. Amma waɗansu suka bar nasu. Suka ga matansu sun huta da tafiya neman itacen wuta, dabbobi sun sami ganye da rani, iska ta rage binne shuka. Gawo kuma yakan zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya hana gero rana, sai ma ya ƙara wa ƙasa taki. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, ba tare da an biya su ba. Bayan shekara 20 da 'yan kai, masu bincike suka ƙiyasta cewa aikin ya kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Wannan ita ce rayawa.

Wani zai ce, "Malam, ai sabon abu ba shi da kututture a ƙasarmu, tilas a yi tallarsa." Gaskiya ne, ba mu ƙi talla ba. Wanda bai ji labarin sabon iri ba, ba zai gwada shi ba. Amma ku dubi waken suya. Baƙo ne a ƙasarmu, an kuma daɗe ana noma shi domin sayarwa kawai. Bai zama ɗan gida ba sai da mata suka mai da shi daddawa da awara. Talla ta kawo shi bakin ƙofa, amma hannun masu gida ne ya shigar da shi tukunya.

Saboda haka muna roƙon kwamitocin ƙauye da ƙungiyoyin mata, duk sa'ad da aka karanta muku takarda mai wannan kalma, ku tsai da mai fassara ku tambaye shi. Me ake so a ciyar gaba, wa kuma ya roƙa? Mene ne muke da shi tun dā wanda wannan aiki zai ɗora a kansa? In motar ofis ta daina zuwa, wa zai riƙe shi, da kuɗin wa?

Mu kuma malaman gona, kada mu ce "mun zo mu raya" alhali talla muka kawo. Idan talla ce, mu faɗa a fili cewa talla ce, manomi ya auna da kansa kamar yadda yake auna kayan kasuwa. Idan kuwa rayawa ce, to, kafin damina ta faɗi mu zaga gonaki tare da masu su, mu ƙirga kututturan da suke da rai.