Yarinyar Tahiti da ɗaliban zane na Zariya

A shekarar 1892 Paul Gauguin, mai zane ɗan Faransa, ya zana wata yarinya kwance rubda ciki, tsirara, a tsibirin Tahiti da ƙasarsa ta mallake. Sunanta Teha'amana, shekarunta kimanin 13, kuma ita ya ajiye a ɗakinsa a matsayin mata. Littattafan tarihin zane suna yabon kalolin hoton, su wuce shekarunta da sauri. Ra'ayina shi ne ɗalibanmu na sashen zane a Samaru, Zariya, su san wannan hoto da ire-irensa, amma su san su a matsayin shaidar mulkin mallaka, ba abin koyi ba. Gauguin ya kwaikwayi Olympia ta mai zane Manet a 1891, hoton da baiwar Allah baƙar fata take tsaye da furanni a bayan Baturiya. Da ya je Tahiti sai ya kwantar da 'yar ƙasar da aka ci da yaƙi a kan gado. Mai kallo namiji ne mai kuɗi a Faris. Wadda ake kallo ba a ji ta bakinta ba.

Wani zai ce a cire irin waɗannan hotuna gaba ɗaya daga manhaja. Hukuncin al'aura a fili yake, kowane ɗalibin shari'a a Kongon Zariya ya san shi, kuma ba na neman a tuɓe kowa a aji. Sai dai wanda bai san labarin Teha'amana ba, ranar da ya ji ana kiran Gauguin gwani a Landan ba shi da amsa. Wani kuma zai ce gwaninta daban, halin mai ita daban. To, Suzanne Valadon, wadda ta yi shekaru tana zama ana zana ta, a 1923 ta zana mace kwance sanye da tufafinta, littattafai a gefenta. Ashe tsiraicin zaɓi ne, ba larurar sana'a ba.

Zariya ma ta taɓa ba da amsa. A 1958 ɗaliban zane Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suka ƙi haɗiye koyarwar Turawa ɗanya, suka ɗauki dabara suka zuba mata al'adunsu. Garin da Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacinsa bai rasa abin zanawa ba. Malamai, in kun ambaci Gauguin a aji, ku faɗi shekarun yarinyar.