Kifin Shak Na Bahar Maliya

Yara, alhazanmu na da sukan bi ta ƙasar Sudan, su haye Bahar Maliya zuwa Jidda. To, a cikin bahar ɗin nan, wajen kilomita 25 daga gaɓa, akwai wani tudun murjani da ake kira Sanganeb. A shekarar 1990 gwamnatin Sudan ta keɓe wurin don kare halittun ruwa.

Masu nutso sukan goya tulun iska su nitse can, su yi kallon manyan kifaye. Mafi ban mamaki shi ne shak mai kai kamar guduma, ido ɗaya a kowane gefe. Garke-garke yake yawo.

Waɗansu sun ce wannan wauta ce, gama shak mugu ne. Ni kuwa ban yarda ba. Mutanen da yake hallakawa a shekara 'yan kaɗan ne, amma masunta suna kashe miliyoyinsa, har don fiffikensa kawai, wanda ake yin miya da shi a ƙasar Sin.

Abin da na ƙi shi ne jefa masa nama don ya matso. In ya saba, sai ya riƙa nufo duk wanda ya gani cikin ruwa, yana tsammanin abinci.