Ƙarfe Da Ƙota: Abin Da Na Gani A Maƙera

A wannan wata zancen ba na aji ba ne, na wata tsohuwar ƙaramar bindigar toka ce da muka gada a gidanmu, wadda saura kaɗan mu rasa ta saboda gaggawa.

Dattawanmu sun ce ta kakan kakanmu ce, wanda ya yi fataucin goro tsakanin Kano da Salaga, kafin yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa Kete-Krachi da Kumasi da sauran garuruwa. Irin waɗannan bindigogi ta baki ake ɗura musu albarushi. Yawancinsu daga Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙero su, suka shigo ta bakin teku. Turawan Ingila kan kira dogayen da sunan mutanen Denmak, waɗanda suka riƙe ganuwar Osu a Accra har 1850.

To, hular tagullar da ke gindin ƙotar ta saki, haka ma zoben da ke kare kunama. Wani ƙanena ya kai wa wani yaron kafinta, shi kuwa ya ɗauko ƙusa ya buga. Nan take icen ya tsage. Da na ga ɓarnar sai na naɗe ta a tsumma na nufi wajen wani dattijon maƙeri a unguwarmu.

Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki. Ya zura sanda cikin bututun, ya yi alama, ya zaro ya gwada tsawonta ta waje. Na ce, "Baba, me ake aunawa?" Ya ce, "Malam, ina duba ko an bar ta da ɗuri. Albarushi ba ya tsufa in bai jiƙe ba." Sai da ya tabbata babu kome a ciki sannan ya zauna.

Ya sa wa tsagar gam, ya ɗaure da zare, ya ce in dawo bayan kwana 3. Da na koma sai ya kunna aci-balbal, ya kara cikin hular a kan hayaƙin har ta yi baƙi, ya ɗora ta a kan icen ya danna a hankali. Da ya ɗaga, sai ga ɗigo-ɗigon baƙi a inda ƙarfen ya taɓa. Wuraren nan kaɗai ya kankare da 'yar wuƙarsa. Ya sake shafa hayaƙi, ya sake gwadawa, ya sake kankarewa. Na ƙirga har sau 20 na daina. A ƙarshe baƙin ya mamaye wurin baki ɗaya, hular ta zauna daram, ko takarda ba ta shiga tsakani.

Zoben kunama kuwa ya ɗan karkace. Bai tanƙwara shi da sanyi ba. Ya gasa shi har ya fara ja, ya bari ya huce, domin tagullar da ta sha duka takan yi tauri, in aka matsa mata sai ta karye, wuta ce ke mayar mata da laushi. Kafin ya ɗaura sukuru sai da ya huda ɗan siririn rami, don kada icen ya sake tsagewa. Ya kuma gaya mini cewa masu yin sabuwar ƙota da bututu suke farawa, sannan gidan ƙanƙara, sannan kunama, kayan ado a ƙarshe, domin kowanne mazauninsa ya dogara da na gabansa.

Da na tambaye shi dalilin wannan jan rai, sai ya ce, "Icen da ka cire ba ya komawa." Ni da nake koyarwa shekara da shekaru, na daɗe ban ji darasi gajere kamar wannan ba.

Abin da ya sa na kawo muku labarin shi ne, gidaje da yawa a zangunanmu suna da irin wannan kayan gado, wasu a ƙarƙashin gado suna tsatsa, wasu an sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa da kuɗin da bai kai na goro ba. Masu gyaran kuma suna ƙarewa, yaranmu ba su zama kusa da su.

Shawarata ita ce, kada kowa ya gwada harba tsohuwar bindiga, domin tsatsa na cin bututu ta ciki inda ido ba ya gani. A nisanta ta da yara. A je ofishin 'yan sanda a yi mata rajista, don dokar Ghana ba ta yarda a ajiye bindiga ba tare da lasisi ba. In kuma za a gyara, a nemi wanda ya san aikin, a tura yaro ya zauna ya kalla.

Tamu dai tana nan a kulle cikin akwati, da 'yar takardar tarihinta a gefe. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.