Nasiha Ga Masu Gina Manhaja: A Auna Da Ƙaramar Waya

Ku sani ina da magana a kan samarinmu da suka koyi sana'ar gina manhaja, watau shirin nan da ake sa wa waya domin ta yi wani aiki da shi. Sana'a ce mai kyau, ba na kushe ta. Abin da nake kushewa shi ne suna yanka riga ba su auna mai sawa ba.

Ga dalilina. Wani almajirina mai hazaƙa ya tafi birni ya koyo aikin nan, ya komo ya shirya shafi na intanet wanda zai gaya wa mutum kuɗin sa da rago da tiyar gero a kasuwar Mai'adua tun bai taso daga ƙauye ba. Na ce madalla. Ranar Lahadi muka shiga kara tare da shi, muka tari dillalai da makiyaya da fataken ƙasar Damagaram da suka biyo ta Kwangwalam. Wanda duk muka ce ya fito da wayarsa, galibi sai ya zaro ƙarama mai maɓalli, irin wadda ake haska hanya da tocilarta. Shafin kuwa ya ƙi buɗewa, gama yaron ya cika shi da hotuna da ado, ya kuma shirya shi domin babbar waya da ake shafawa da yatsa. Aikin wata shida ya tashi a banza, yaro ya koma gida jiki a sanyaye.

Wani zai ce, ai ƙaramar waya ta kusa shuɗewa, don me za a ɓata wahala a kanta? To, ni ban ga alama ba. Talaka bai riƙe ta don jahilci ba, lissafi ya yi. Kuɗinta kaɗan ne, caji ɗaya ya kai ta kwanaki a garin da wuta ba ta zama, in ta faɗi a ɗauka a karkaɗe, ɓarawo kuma bai cika kwaɗayinta ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ku tuna farkon shekarar 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sake takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a. Mutane da yawa da ƙaramar waya suka yi ciniki, suna danna tauraro da lambar banki da alamar gidan dara, hanyar da ake kira USSD, wadda ba ta bukatar intanet, ko da yake takan tsinke ta ba mutum haushi.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A ƙasar Kenya kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa a 2007, aka riƙa aika kuɗi da ƙananan wayoyi har abin ya game ƙasa. A nan Nijeriya, a 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, ta saƙon tes aka riƙa sanar da manoma rabonsu na taki mai rangwame. A Indiya, a 2017, aka fito da JioPhone, waya mai maɓalli mai tsarin KaiOS, wadda manhajojinta da kayan gina shafin intanet ake yin su, aka sayar da miliyoyi. Ashe ƙanƙantar waya ba ta hana babban aiki.

Saboda haka ga shawarata ga almajirai, guda huɗu.

Ta farko, ka san wayar da kake yi wa aiki. Wata ba ta shiga intanet ko kaɗan, sai kira da tes da USSD. Wata tana shiga ta Opera Mini, wanda kwamfutocin kamfaninsa ke karɓar shafi su matse shi kafin ya iso, don haka shafi mai yawan motsi ba ya tafiya daidai a cikinsa. Fara da rubutu zalla, ado ya biyo baya in da hali.

Ta biyu, ka tausaya wa yatsa. Fuskar irin wayoyin nan ba ta cika wuce ɗigo 240 a faɗi da 320 a tsawo ba, kuma kafin mutum ya rubuta harafin s sai ya danna maɓallin 7 sau huɗu. Kada ka sa dattijo dogon rubutu. Jera masa zaɓi, 1 shanu, 2 tumaki, 3 hatsi, ya danna ya wuce.

Ta uku, ka lura da haruffa. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160 na boko, amma da ka sa ajami, ko ƙ da ɗ da ɓ masu lanƙwasa, sai ya koma 70, kuɗin aikawa ya ƙaru, wata wayar ma ta nuna akwati a gurbin harafin. Sai ka gajarta zance, ka kuma gwada a kan waya ta zahiri kafin ka aika wa jama'a.

Ta huɗu, ka kai aikinka kasuwa tun yana ɗanye, ka miƙa wa mai sayar da akuya, ka yi shiru ka ga inda zai tsaya. Gani ya kori ji.

Ku kuma malamai, ga naku rabon. In almajiri ya zo yana nuna muku abin da ya gina, kada ku yaba tukuna. Ku miƙa masa wayar da ke aljihunku, ku ce ya buɗe shi a nan. In ya buɗu ku sa masa albarka, in bai buɗu ba ku mai da shi ya sake. Haka na yi wa nawa, yanzu ya sayi ƙaramar waya ya aje kusa da kwamfutarsa, ya soma daga farko.